Malam Inuwa Ɗan Kamasho da Tuwon Alkamar Dubiya

Duk wanda ya taɓa shiga motar Zariya a tashar Kawo ya san muryar Malam Inuwa, ko da bai san fuskarsa ba. Ɗan kamasho ne, aikinsa kiran fasinja da cika mota, kuma ya shekara ashirin da shida yana yi. Daga Ikara ya zo yana saurayi da niyyar koyon tuƙi. Ranar farko direban da zai koya masa ya ji yadda ya ƙwala wa wata mai gyaɗa kira, sai ya ce, "Kai ba sitiyari ne ya dace da kai ba, sauka ka kira mini mutane." Bai sake komawa kujerar gaba ba.

Gidan haya ɗaya muke a Hayin Banki. Yawancin labarin nan shi ya ba ni a bencin ƙofar gida, sauran kuma da idona na gani.

Abincinsa bai taɓa canzawa ba. Da safe shayi da burodi, da rana taliya da wake, da la'asar fanke biyu, da magariba tuwon semo. Ya daɗe yana fama da kumburin ciki da gudawa, yana shan maganin basir, na olsa, na taifod, har da wani jiƙo da wani fasinja ya manta a mota. Sai ramewa yake yi, wandonsa har igiya biyu yake ɗaura masa. Abin da ya fi damunsa shi ne cikin ba ya duba lokaci. Yana tsakiyar "Zariya, Zariya, saura mutum biyu!" sai a ga ya dafe mara ya nufi bayan gida da gudu. Ranar da ya dawo ya tarar fasinja tara sun gaji sun sauka sun bi wata motar a bakin titi, ciyaman ɗin layin ya kira shi gefe.

"Inuwa, mu ba ma ƙin ka," in ji shi. "Amma ɗan kamasho a bakin mota ake son sa, ba a bakin masai ba. Na ba ka sati shida ka je ka nemi magani. In ka dawo haka, wani zan sa a wurinka."

Wurin nan kuwa shi ne duk abin da Malam Inuwa ya mallaka a duniya, in ka cire matarsa Rakiya da akuya ɗaya.

A asibiti aka ɗebi jininsa, aka zura masa wata 'yar kyamara ta baki. Da sakamako ya fito, likitar ta ce ciwon siliyak ne. Akwai wani sinadari a cikin alkama da jikinsa ya ɗauka abokin gaba, duk sanda ya ci sai hanjinsa ya ji rauni. Ba ƙwaya, ba allura. Maganin shi ne ya bar alkama har ƙarshen rayuwarsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce, "ni dama ba na cin alkama, likita. Burodi nake ci."

Ya ce mini sai da ta cire tabarau ta dube shi. Ta lissafa masa burodi, taliya, semo, fanke, cincin, funkaso, alkaki, ɗanwaken da aka sa wa fulawa. Da ta gama ya ce, "To ai kin karanto tarihina ne kaf." Ta ce akwai masara, dawa, gero, shinkafa, doya, rogo, wake da acca, duk nasa ne.

Sati na farko komai ya tafi daidai. Rakiya ta koma tuwon masara da koko, ta daina kai niƙa injin da ake niƙa alkama a ciki. Maman Irmiya, maƙwabciyarmu 'yar Kagoro, ta koya mata faten acca. Cikin ya lafa.

Sai labari ya kai kunnen Alhaji Mustapha.

Alhaji Mustapha dattijo ne mai kirki, gidansa na jikin namu, kuma shi ya shige wa Malam Inuwa gaba wajen neman auren Rakiya. Ya shekara goma sha biyu da ciwon suga, don haka a layinmu duk wanda likita ya sa wa dokar abinci, wurinsa ake zuwa fatawa. Fatawar kuma ɗaya ce.

"Tuwon alkama," ya ce, yana ajiye kwanon samira a gaban Malam Inuwa. "Miyar kuka, ba mai da yawa. Hajiya ce ta tuƙa da kanta."

"Alhaji, ai likita cewa ta yi alkamar ce ke..."

"Haba Inuwa! Ina ka taɓa jin alkama ta kwantar da mutum? Ita ce abincin marasa lafiya. Dube ni nan. Wanke hannu."

Ya gyara zama yana kallo. Malam Inuwa ya dubi kwanon, ya dubi mutumin da ya karɓar masa aure, ya yi bisimilla. Ya cinye malmala biyu. Kwana uku yana zirga-zirga da buta.

Alhaji ya ce ciwon ne ke fita.

Daga nan unguwa ta ɗauka. Duk matar da za ta aiko da abincin dubiya sai ta tambayi gidan Alhaji me mara lafiya ke ci. Tuwon alkama, kunun alkama, burodin alkama mai ruwan ƙasa da wani ya sayo takanas daga Unguwar Rimi. Malam Inuwa ya fito da dabara: in mai dubiya ya juya, sai malmala ta shige aljihun babbar riga, daga nan ta wuce wurin akuya. Rakiya kuma, kamar yadda aka saba, ba ta mayar da kwano haka nan. Takan wanke shi tas, ta sa ɗan sabulu ko goro a ciki. Matan suka ga kwanuka na dawowa fes, suka ce ashe yana so, suka ƙara yawa.

Akuyar ta yi ƙiba har wani mahauci ya tsaya yana tambayar mai ita.

Matsalar ita ce Alhaji ba ya juyawa. Duk bayan kwana biyu zai zo ya zauna sai ya ga loma ta wuce. Saura sati biyu wa'adi ya cika, Malam Inuwa yana nan jiya i yau.

"Baban Humaira," Rakiya ta ce wa mijinta, muna jin su daga tsakar gida, "kai da kake tsayar da tirela da murya, ka kasa gaya wa tsoho ɗaya a'a?"

"Tirela ce ta nema mini aurenki?"

"To ci gaba. Akuya ta je tasha ta yi lodi, tunda ita ke da lafiya."

Maman Irmiya tana shanya ta ce, "Ku ma kun cika wahala. Alhaji ba zai ji daga bakin Malam ba, yaronsa ne. Ku ce kuna so ya raka ku asibiti a matsayin babba. Wane dattijo ne zai ƙi?"

Bai ƙi ba kuwa. Ya sa farar shadda da hula zanna, ya ɗauki katinsa na suga ko za a buƙaci shaida. A gaban likita shi ya fara magana, ya ce yaron nan ba ya jin sauƙi duk da alkamar da suke ɗura masa safe da yamma. Malam Inuwa ya ce likitar ta ajiye biro a hankali. Ta yi wa Alhaji bayani cikin ladabi, ta nuna masa hoton hanjin a kwamfuta, ta ce ko gutsure ɗaya ɓarna yake yi.

Alhaji ya yi gaba har suka fito bakin titi. Sannan ya juyo.

"Kai kuma Inuwa, da bakinka, ka zauna ana ba ka guba kana lashe kwano? Me ya hana ka faɗa?"

Washegari Alhaji ya sa aka fito masa da kujera ƙofar gidanmu. Ba kwanon da ya isa ya shiga sai ya buɗe ya shinshina. Ya kori kunun matar liman. Ya tsare mai ƙosai yana tambayarta ko a man nan take soya fanke, da ta ce e, ya ce ta wuce gaba. Ya mayar da wata waina don bai yarda da idon mai ita ba. Har ni ya hana shiga da burodina, ya ce in tsaya waje in cinye, in karkaɗe riga.

Ranar da sati shida suka cika, Malam Inuwa ya karya da koko da dafaffen dankali, ya tafi tasha da igiya ɗaya a wando. Alhaji ya ce sai ya bi shi, don tashar cike take da masu burodi. Ciyaman ya nuna wata doguwar bas mai cin mutum goma sha takwas, ya ce, "Bismilla. In ka matsa daga nan kafin ta cika, shi ke nan."

Malam Inuwa ya tsaya ya buɗe murya. Mutum sha bakwai suka shiga cikin rabin awa, sai kasuwa ta tsaya. Rana ta take, aka kusa awa biyu ana saura mutum ɗaya. Direbobi suka taru, kowa idonsa a kan cikin Malam Inuwa, wani har yana kaɗa masa buta daga nesa. Bai ko dafe mara ba. Fasinja ne suka fara ƙorafi, wata mata ta ce za ta sauka, in ta sauka kuwa wasu za su bi ta.

Alhaji Mustapha ya tattare shaddarsa ya shige kujerar ƙarshe.

"Alhaji, ina za ka?" in ji Malam Inuwa.

"Zariya mana. Rufe ƙofa."

Ba shi da kowa a Zariya. Ya ce ya yi azahar a can, ya sha fura, ya biyo motar dawowa. Ciyaman kuwa ya ce mota dai ta cika, shi bai ga wanda ya matsa ba, Inuwa ya fito gobe ƙarfe shida.