Ranar da Baba ya durƙusa mini

Lokacin da na shiga makarantar koyon shari'a a birnin Kano, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, ba karatu ne ya fara ba ni wuya ba. Tambaya ɗaya ce: "Kai ɗan gidan wane ne?" Duk wanda ka taɓa a ɗakin kwananmu, in ba ɗan alƙali ba ne to jikan limami ne. Ni kuwa ubana mahauci ne a Wudil, kakana ma haka.

Na ga abin da suka yi wa wani ɗan wanzami. A zo cin tuwo, sai kowa ya ja jiki, ana tambayarsa ko ya wanke hannu bayan ƙaho. Bai kai azumi ba ya naɗe tabarmarsa. Da aka zo kaina sai na ce, "Babanmu harkar shanu yake yi." Suka ɗauka attajiri ne, ni kuma na bar su a haka. Na koyi sa takalmi sau-ciki, na koyi cusa Larabci a hira, na koyi gaisawa a tsaye da miƙa hannu. Na samu wuri a kwanon tuwo, kuma wallahi na ji daɗi.

Sai ga shi an ɗebe mu a mota zuwa Wudil, mu ga yadda alƙali yake zaman shari'a. Da aka tashi daga zama, wani ɗan alƙali, sarkin tsiyar ajinmu, ya ce, "Kai ɗan gari, kai mu inda ake balangu mai kyau." Na bi da su ta wani lungu, amma ƙanshi ya ja su, ina ji ina gani, har rumfar Baba.

Yana tsaye da wuƙa, rigarsa duk maiƙo. Ya hango ni, fuskarsa ta washe. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ɗan fari ne ni, "ɗan banzan nan" yake ce mini yana dariya. Na ga bakinsa ya buɗe zai faɗa.

A gidanmu ba a gai da uba a tsaye. Tun daga nesa za ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Ni kuwa, da takalmina, na miƙa masa hannu na ce, "Sannu da aiki, Sarkin Fawa."

Ya dubi hannun, ya dubi abokaina da fararen rigunansu. Sai ya ajiye wuƙar, ya goge hannu a riga, ya durƙusa a gabana cikin ƙasa.

"Allah gafarta Malam, an zo lafiya?"

Ya yanka mana naman da ya fi kyau, ya ce sadaka ce ga masu karatu. Suka ci suna yaba ladabin mutanen ƙauye. Ni ma na ci, kaico, har da lasar yatsa.

Da hutu na dawo, na tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, na durƙusa ina kuka. Ya ce ba komai, karatu ya fi. Ya rayu har ya ga na zama alƙali. Na yi ta jiran ranar da zai sake ce mini ɗan banzan nan, amma har muka kai shi makwancinsa, Malam yake ce mini.