Hukuncin Baba Daidai Ne

Filin ƙwallonmu na Al Warsan, a nan ƙasar Larabawa, suna ne kawai. Yashi ne a bayan ɗakunan ajiyar kaya, layin ma da dunduniya muke ja duk safiyar Juma'a. Alƙalin wasanmu wani dattijo ne ɗan Nijar da kowa ke ce wa Baba, direba a kamfanin da nake wa dako. Ɗaki ɗaya muke kwana, shi ya sa ni kaɗai na san yanar ido ta fara rufe masa idon dama. In kamfani ya ji, tuƙi ya ƙare, biza ta bi bayansa, ga yara a makaranta can gida. Hutunsa yake jira ya je a yi masa aiki, ya roƙe ni in rufa masa asiri.

Yana da dabararsa. Da gardama ta tashi sai ya busa usur, kowa ya tsaya cak inda yake, shi kuma ya durƙusa ya karanta sawu a kan yashi. Yara na ta yaba gwaninta. Ni na san abin da ke kusa kaɗai yake gani sosai.

Ran nan golanmu, wani ɗan Zangon Kumasi mai ƙafa kamar taɓarya, ya cafe ƙwallo, ya sheƙa gaba, ya sake ta daga hannu ya ɗirka mata duka. Ta tashi sama, ta dira, ta tsallake ɗaya golan, sai raga. Abokan karawarmu suka ce atafau ya haye layi da ƙwallo a hannu. Baba ya durƙusa, ya duba, ya ce ci ya tabbata, khalas, an gama.

Da ma nan aka tsaya. Amma ina, sai ga shugaban direbobin kamfaninmu, da ya zo kallo da sabuwar waya, yana cewa ya ɗauki komai, a zo a gani. Na ce, “Malam, dokar ƙwallo ce, in alƙali ya yanke an gama.” Wa zai saurare ni? Tuni an yi wa wayar rumfa.

Hoto ya nuna gola bai haye ba, ƙafarsa na ciki. Sai dai ya nuna har da Baba. Ƙwallo ta dira a damansa, ta wuce daf da kunnensa, ko gezau bai yi ba, yana can yana kallon sama ta inda babu komai. Sai da ihu ya tashi sannan ya juya ya busa. Yaran banza suka dinga maimaita wurin suna sheƙa dariya, wallahi kamar in fasa wayar nan. Mai wayar ne kaɗai bai yi dariya ba.

Ran Lahadi aka tura Baba gwajin ido, bai ci ba, aka sallame shi. Ban ga laifin shugaban direbobin ba, rayukan mutane ne a kan titi, amma har yau raina bai daina ɓaci ba.

Ni na ɗaure masa kaya, na raka shi filin jirgi. Sai a bakin ƙofar shiga ya riƙo hannuna ya ce, “Ɗana, ni ban iya ganin hoton nan ba, ya yi mini ƙanƙanta. Amma hukuncina daidai ne, ko?”

Na ce, “Daidai ne, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya ce Alhamdulillahi, ya ja jakarsa ya shiga. Ni kuwa na zauna a ƙasa na yi kuka.