Kofin Ruwan Baba Sannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran yayana a wurin aiki, malamin gyaran mota na makarantarmu ta koyon sana'a, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Baba Sannu. Har makon da ya gabata yana gareji da rigar aikinsa, shi ya sa duk wanda ya ji sai ya ce, "Ashe ba shi da lafiya?" Mun saba ɗauka cewa wanda ke tsaye da ƙafafunsa lafiya lau yake. Kai kuwa, Yaya, ka daɗe kana koya wa yara cewa ko a taya ba haka abin yake ba.

Akwai tayar nan da ake yayi, wadda ko ƙusa ta huda ta, iska ta fice, za ta lallaɓa ta kai mutum wurin gyara. Kowane sabon ɗalibi da yabonta yake zuwa, kai kuma ba ka musu. Sai ka cika kofi da ruwa, ka miƙa wa wanda ya fi baki, ka zaunar da shi a kujerar bayan mota mai irin tayar, ka bi hanyar bayan gareji mai gargada. Kafin a dawo wandonsa ya jiƙe sharkaf.

"To, injiniya," kakan ce, "ruwan ne ya zube ko tsoro ka ji?"

Sai a sa tayoyin da aka saba, a sake bin hanyar, ruwan ya yi ta rawa a kofi amma da ƙyar ɗigo ke sauka. Sannan bayani ya biyo. An yi gefen waccan tayar da kauri da tauri don ya ɗauki mota ba iska, kuma taurin nan ne ke miƙo wa fasinja kowane rami har ƙashin baya. Ga nauyi, ga ƙugi. A kwana mai gargada tsalle take yi maimakon ta kama ƙasa, sitiyari na fizgar hannu. Abin da ya fi damunka shi ne ko ta sace ido ba ya saurin ganewa. Tana tsaye kamar ba komai, alhali cikinta na cinyewa.

Da ciwon baya ya kama maiɗakinka, wadda dukkanmu muke kira Mama, babban ɗanku ya saya muku mota mai irin waɗannan tayoyi. Ba a yi nisa ba ka cire su. Ransa ya sosu, ya ce, "Baba, su ne fa na zamani." Ka ce, "Na sani, ɗana, Allah Ya yi albarka. Amma bayan uwarka ba na zamani ba ne." Ka cusa safaya a but, ka yarda in an yi faci ka durƙusa a gefen titi, da dai rami ya taɓa ta. Mama ta ce a duniya motarka kaɗai ce take iya gyangyaɗi a ciki.

Sai bayan rasuwarka ta faɗa mana sauran. In ka ajiye ta a ɗakin gashin baya a asibiti, kai ma wani ɓangaren kake wucewa wajen likitan zuciya. Ya ce ka kwanta ka huta, ka ce, "In na kwanta, wa zai ja ta a hankali?" Haka ka yi ta tafiya ba iska, Yaya, muna gaisawa kullum, ba wanda ya gane. Wannan ne ke ci mini rai.

Jiya na je gaishe ta. Ta daɗe tana kallon makullin motar, sannan ta ce, "Malam, gata fa ranar asibiti ce."

’Ya’yana ɗalibai, da yawa cikinku sun ce za su riƙa kai ta, na kuma gode. Kofin yana nan a tagar gareji inda Baba Sannu ya bar shi. Duk mai so ya zo gobe ya cika shi, ni zan zauna a baya in riƙe. Wanda ya dawo da ni a bushe, shi zan damƙa wa makullin.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya sassauta maka tafiyar da ka yi, Ya sa Aljanna ce masauki. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da ’ya’yanka da jikokinka, da duk wanda ya taɓa jiƙewa a kujerar bayanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.