Telan Ƙurban da Ya Kamo Kifi a Kan Dutse

Maigandi tela ne a unguwar Ƙurban da ke Madina. A Madina aka haife shi, amma mahaifinsa masunci ne daga Yawuri, wanda ya zo hajji a ƙasa ya zauna. Tsohon ya rasu bai sake ganin kogi ba, sai dai ya cika kunnen ɗansa da labarin ruwa.

Wajen 1978 wani direba mai suna Idrisa ya kawo ɗinkin jallabiya. Cikin hira ya ce ya ga wani ɗan rafi a kan duwatsun arewa, inda kifaye ke tsalle suna cafke ƙwari a saman ruwa. Daga ranar Maigandi ya shiga tsintar gashin tattabara, yana ɗaure shi a ƙugiya da ragowar zaren siliki har ya yi kama da ƙwaro. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai an samu masunci a garin dabino.

Zuwansu na farko da Idrisa, rafin ya ƙafe. Na biyu akwai ruwa, amma da kifayen suka hango farar rigarsa sai suka shige ƙarƙashin duwatsu. Ya zauna yana kallo har la'asar, ya lura ƙwarin wurin jajaye ne. Da ya dawo gida ya ɗinka riga mai launin ƙasa, ya koma amfani da gashin jan zakara.

Da aka yi ruwa a shekara ta gaba suka koma. Ya rarrafa zuwa bakin rafin, ya wurga zaren a hankali, ƙwaron ya sauka yana yawo. Sai ruwan ya tsage, sandar da ya ɗaura wa zaren ta lanƙwashe. Kifin bai wuce tafin hannu ba, amma Maigandi ya ɗaga shi sama.

"Idrisa, kai ne shaida," in ji shi.

Kafin su sauko ya cika ɗan kwando. Matarsa Safiyyatu ta soya da yaji, aka raba wa masu dariyar. Maigandi da kansa ya kai wa Inna Kaltuma, tsohuwar da ta taso daga Yawuri tare da iyayensa. Ta tauna a hankali.

"Wannan na ruwan daɗi ne, ba na teku ba, ɗan nan," ta ce. "Ƙaro min."