Layar Surukina a Hoton Ƙirji

A lokacin ina sabon ango a Tudun Wada, ina koyon ɗaukar hoton ƙashi a hannun wani likita Bature. Na'urar ba ta daɗe da zuwa Zazzau ba, mu uku kacal aka zaɓa, kaina ya kumbura har tafiyata ta sauya. Wata shida ana koya mana sunayen ƙasusuwa da wanke hoto a ɗakin duhu. Dokar da likitan ya fi nanatawa ita ce, kafin hoton ƙirji sai majiyyaci ya tuɓe riga, ya cire duk abin da ya rataya.

Ran nan tari ya matsa wa surukina, wanzamin unguwarmu, ni kuma na lallashe shi ya zo, don dai ya ga matsayina. Ya cire babbar riga ya bar 'yar shara. Ina ganin tudun layarsa a ƙirji, amma da wane baki zan ce wa uban matata ya tuɓe? Na sunkuyar da kai na ɗauka haka nan. Da hoton ya bushe likita ya ɗaga shi a taga, ya nuna mini wata inuwa a huhun dama, ya tambaya ko na sa ya tuɓe sarai. Tsoron kora ya kama ni, na ce e. Ya ce alamar tarin fuka ce, a ware masa ɗaki da kwano.

Kafin mako magana ta gama unguwa. Wa zai miƙa kansa ga wanzami mai tarin fuka? Masu aski da masu ƙaho duk suka watse. Tarin ya tafi da kansa, amma mutane ba su dawo ba. Kullum na je gaishe shi sai ya tsayar da ni daga bakin ƙofa, yana sa mini albarka wai na gano ciwonsa da wuri. Shekara huɗu ina cewa gobe zan faɗa cewa inuwar layarsa ce, har Allah ya karɓi abinsa. Baƙin cikin nan bai sake ni ba har yau.

Ku masu koyon aikin asibiti, ku bi ƙa'ida ko da mahaifinku ne a gabanku, in kun kuskure kuma ku faɗa nan take. Ni na yi shiru, ranar sunan ɗana na fari wani wanzami aka ɗauko daga Gyallesu ya yi masa aski, surukina, kakan yaron, yana leƙe ta taga.