Yaya Bilkisu da sandar da ba a ƙarasa ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Bilkisu. Waɗanda suka san ta a makarantar 'yan mata inda ta koyar da kimiyya, malama mai tsare gida suka sani. Mu da muka zauna kusa da ita a Maitumbi wata mace daban muka sani, wadda ba ka raba gefen zanenta da ƙunar dalma, kuma ba ta iya wuce matacciyar rediyo a bola ba ta tsaya ba.

A lokacin unguwar ba ta cika haka ba, tsakanin gida da gida akwai gonar gyaɗa. Kowace Asabar da hantsi Yaya kan shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gidanta, ta zazzage kwalin tarkace: tocilolin da suka daina kamawa, motocin wasa marasa taya, wayoyi, batura. Da 'ya'yanta biyu ta fara, na maƙwabta suka biyo baya. Sharaɗinta ɗaya ne, duk yaron da ke zuwa, uwarsa ko ubansa sai ya riƙa leƙowa ya zauna tare da shi. Da idona na ga wani direban keke, ƙato guda, ya durƙusa yana riƙe wa 'yarsa bakin waya biyu, yana riƙe numfashi har ƙwan fitila ya kama.

Daga baya ta yi odar wani ɗan allo mai faɗin tafin hannu, wanda ake haɗawa da kwamfuta a rubuta masa umarni. Da shi yaran suka koya wa wata motar wasa ta tsaya ta juya da kanta in ta doshi bango. Ranar da ta fara juyawa, ihun da aka yi sai da ya fito da matan layin daga kicin.

Cikin yaran akwai Rahila, jikar maƙwabcinmu Baba Iliya. Shi mutumin kudancin Kaduna ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna tun yana saurayi, ya tsufa a nan, idonsa ya rufe. Matarsa Mama Saratu ƙafa ta hana ta tafiya mai nisa. Don haka duk inda Baba zai je, asibiti ne, coci ne, wajen tantance 'yan fansho ne, Rahila ce ke riƙe hannunsa. Ranar asibiti babu makaranta ke nan. Yarinya mai ƙwaƙwalwa, amma kullum tana bayan aji saboda fashi.

Ita ce ta kawo shawarar. Ta ce wa Yaya, "Anti, in mota tana ganin bango, me zai hana sandan Baba ya gani?"

Damina guda suka yi a kan sandar nan. Suka ɗaura mata wata 'yar na'ura mai ido biyu da ke jin abu a gabanta, da wani ɗan abu mai ƙara. Da farko komai yi wa kuka take, ciyawa, akuya, har ƙafar mai riƙe da ita. Baba Iliya ya zaga tsakar gida da ita, ya tsaya ya ce, "Malama, wannan sanda ya fi matana surutu." Mama Saratu ta ce ai gara ya samu mai rama mata. Rahila ta koma kan kwamfuta ta yi ta rage wa umarnin kaifi, Yaya na gefe ba ta taɓa mata ko harafi ba, har sandar ta koyi yin shiru sai in da dalili.

Ranar gwaji a waje duk layin ya fito. Baba ya hana kowa riƙe shi. Ya kauce wa motar da aka faka, ya kauce wa turken wuta, ana tafi. Ni ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kai a sama, kamar wanda aka mayar wa shekara ashirin. Sai ya iso bakin kwata. Sandar gaba take gani, ba ta ganin ƙasa, ba ta ce uffan ba. Ya zurma, gwiwarsa ta fashe, aka ɗauko shi ranga-ranga.

Abin ya yi wa Yaya ciwo ƙwarai. Ita ta kai shi asibiti, ta durƙusa gaban Mama Saratu ta ba da haƙuri. Wasu iyayen suka janye 'ya'yansu, aka fara cewa wasan yara ya kusa kashe tsoho. Rahila kuwa ta daina zuwa, ta ce ita ta jefa kakanta a kwata. Baba Iliya ne da kansa, da bandeji a ƙafa, ya sa ta ja shi har rumfar Yaya. Ya ce, "Ni na taka titi da ƙafana ba mai riƙe ni. Ku gyara abinku, zan sake hawa."

Gyaran ba mai wuya ba ne a faɗar Yaya: a ƙara wani ido mai kallon ƙasa. Ta yi odarsa daga Legas. Kafin ya iso ƙafafunta suka fara kumbura, likita ya ce ƙoda ce. Asabar ɗinmu ta koma ta zaman layin wankin jini. Tana kwance ma ba ta bar zancen ba, takan ce mini, "Safiya, in saƙon nan ya zo ki kira Rahila, ta san inda za ta sa shi." Saƙon ya ɓata a hanya, aka sake turo wani. Ranar da mai kawowa ya yi sallama da ƙunshin, muna zaman makoki.

Rahila ta gwada. Ta ɗaura idon, amma umarnin ya ƙi karɓa, kuma duk unguwar babu babba ɗaya da zai duba mata ya ce ga inda kika kauce. Mu iyaye mun zauna a tabarmar nan mun riƙe waya, mun yi tafi, amma ilimin a kan mace ɗaya yake, da ta tafi ya bi ta. Rumfar ta yi shiru. Baba Iliya ya koma hannun jikarsa har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara biyu. Rahila ta gama sakandare a makare, da sakamakon da bai kai ta inda ƙwaƙwalwarta ta isa ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Kayan da ta yi ta jira wata da watanni, yanzu a shagunan cikin gari ake samunsu. Matsalar da ta tsayar da Rahila, yaron yanzu zai tambayi waya ta warware masa kafin shayi ya huce. Makarantun kuɗi suna tallar koyar da haɗa mutum-mutumi, har da gasa da kofi. Na san za ta yi murna, don ba mai ƙyashi ba ce. Amma na san za ta tambaya: wa yaran suke haɗa wa? Kuma ina iyayen suke? Don na je irin wannan biki a makarantar jikata, na ga motoci masu kyau suna zagaya teburi, iyaye na tsaye daga nesa suna ɗaukar hoto. Ban ga wanda ya durƙusa ba. A layinmu na Maitumbi kuwa, inda yawancin yara ba sa zuwa irin makarantun nan, babu wanda ya sake shimfiɗa tabarma.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, cikin yaran Yaya ban san ko ɗaya da ya zama injiniya ba. Kwanaki na je suna a Paiko, na haɗu da Rahila, ta yi aure can, tana da shagon ɗinki da yara uku. Muka daɗe muna kuka da dariya. Na tambaye ta ko tana taɓa irin aikin nan. Ta girgiza kai, ta ce rayuwa ba ta ba ta fili ba. Can ta ce, "Amma Anti, matan layinmu in fanka ko fitilar sola ya mutu, wurina suke kawowa. Wani ina gyarawa, wani ba na iyawa. Sai dai ba na buɗe shi sai mai shi ta zauna tana kallo, da yaranta."

A motar dawowa Minna na yi ta juya maganar. Yaya ta so ta bar abin da ya fi haka, kuma ta cancanci ta bari. Abin da ya rage mata ke nan a duniya: tela ɗaya a Paiko, da matan da ke zama gabanta suna kallo. Allah Ya jiƙan Bilkisu, Ya sa hasken da ta kunna wa 'ya'yan mutane ya same ta a kabarinta.