Mazarƙwaila a Ƙarƙashin Faifai

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Makarfi ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina tsaye gabanta za ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa waccan ta sauke tukunya." Wai alkunya. Ƙannena a goya su, a yi musu kirari, ni kuwa ko faɗuwa na yi na fasa gwiwa sai ta kau da kai, kamar ɗiyar maƙwabta ce ta faɗi. Wallahi abin ya ci mini rai.

Amma Baba manomin rake ne, gidanmu ba ya rabuwa da mazarƙwaila. Duk ranar da na sha kuka, in na shiga ɗaki sai in tarar da gutsure guda a kan tabarmata, an kifa masa faifai. In zauna in tsotsa har sheshsheƙar ta lafa. Ban taɓa tambayar wa ya ajiye ba, Inna ma ba ta taɓa nunawa ba.

Da wannan na girma, na yi aure a Hunkuyi, na kama koyarwa a firamare. Maigida ya ɓata mini rai, bakina ba ya iya faɗa, sai dai in buɗe jaka in gutsuri mazarƙwaila. Hedimasta ya yi mini tsawa, in buɗe jaka. Ranar da na yi ɓari, curi guda na cinye ni kaɗai, alhali na ƙoshi har wuya. Malamai har tsokanata suke yi: "Malama, tururuwa ma ta haddace hanyar jakar nan." In yi dariyar yaƙe, in juya baya in ƙara gutsura.

Bara sai ga ƙishirwa ba dare ba rana, rubutun allo ya fara yi mini hazo-hazo. Likita ya ce ciwon suga ne, bai kuma ɓoye mini ba: "In ba ki bar zaƙi ba, idon nan za ki rasa." Na fito hankalina a tashe. Kun san abin da na yi? Bakin titi na tsaya na sayi mazarƙwaila! Tana cikin bakina ina hawaye, sannan na gane ba yunwa nake yi wa magani ba duk shekarun nan. Rarrashi nake nema.

Haushi ya turnuƙe ni. Washegari na hau mota sai gida, da niyyar in zazzage wa Inna cewa ita ta ja mini. Ina! Na same ta ta tsufa, tana zaune bakin gado tana jan carbi. Muka gaisa, ta tambayi maigidan da yara ɗaya bayan ɗaya, ni ce kawai ba ta tambaya ba. Na ce, "Inna, suga ne da ni. An hana ni zaƙi, in ba haka ba in makance." Kuka ya ƙwace mini.

Ta kau da kai kamar kullum. Sai na ga hannunta ya lallaɓa ya buɗe kwallar da ke gefen gado, ya ɓallo mazarƙwaila, ɗayan hannun yana laluben faifai. Can ta tsaya cak. Ta daɗe riƙe da ita. Bango take kallo da ta yi magana:

"To ni yanzu me zan ba ta?"

Duk faɗan da na ƙunso ya bi ruwa. Na karɓi mazarƙwailar na mayar cikin kwalla na rufe, na kwantar da kaina a cinyarta, ni mai 'ya'ya biyar. Ba ta ture ni ba. Sai da ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, sannan ta ɗora mini hannu a ka, da danƙon mazarƙwailar a yatsunta.